Hoton da Na Matse wa Noti

Sana'ata gwada idon mutane da yanka musu tabarau. Shekara ashirin da uku ke nan ina zaunar da bayin Allah a kujera, in nuna musu allon haruffa in ce, "Karanta layin ƙasa." Na fara da wannan ne don a san cewa abin da ya faru a falona ba rashin gani ya jawo shi ba. Ina gani sarai. Har da ma'auni nake gani.

Falon namu a da ɗaki biyu ne: falo ɗan ƙarami, da ɗakin cin abinci wanda ya fi shi ƙanƙanta, bango a tsakani. Bara na je gidan wani abokin aiki na ga nasa falon, wanda mutum zai iya koyon tuƙi a ciki, na dawo gida na tsaya ina hararar bangon nan. Na kira magini. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya fita waje ya ɗaga kai ya dubi tankin ruwan da ke zaune kan rufin siminti, daidai saman wurin, sannan ya dawo.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a fasa, amma a bar ginshiƙi ɗaya a tsakiya. Wannan bangon ba ado yake yi ba, dako yake yi."

Na ce ginshiƙi a tsakiyar falo ai kamar baƙo ne da ya tsaya gaban talabijin ya ƙi zama har abada. Ya ce shi dai ya faɗa. Na ce na ji, ya fasa duka. Da matata ta dawo daga aiki ta tsaya cikin ƙura da jaka a hannu, ta ce, "Baban Auta, magini ya ce ba matsala?"

Na ce, "Ya ce ba matsala."

Kalma huɗu. Ko yawu ban tsaya haɗiyewa ba.

Wata biyar bayan haka tsaga ta fito a bangon da ya rage, na gefen taga. Ta faro daga sama, bayan labule, ta sauko a karkace, siririya kamar gashi. Na rataya kalandar shagonmu a kai. Da yake ni mutum ne mai tsari, sai na ɗauko 'yar rular da nake auna tsakanin idon mutane da ita, na riƙa ɗaga kalandar duk Asabar in auna faɗin tsagar, in rubuta kwanan wata da awon da fensir a jikin bango. Milimita ɗaya. Ɗaya da rabi. Biyu. Uku. Rubutuna mai kyau ne, kowa ya san shi, har yaranmu sun sha kawo mini littattafansu in rubuta musu suna.

Mai hankali zai kira magini a Asabar ta biyu. Amma kiran magini na nufin in tsaya gaban matata in janye kalma huɗun nan, daga ita kuma labari ya isa kunnen yayanta. Yayan nata injiniya ne, shekara talatin yana gina gadoji kafin ya ajiye aiki, kuma tun ranar da na fara zuwa gidansu yake kallona kamar mutumin da bai kamata a bar shi da guduma shi kaɗai ba. Sai na ce wa kaina gini ne yake zama, zai daina. Gini bai ji ni ba. A Asabar ta takwas wutsiyar tsagar ta leƙo ta ƙarƙashin kalanda.

Haka na zama mai sha'awar zanen zamani.

Shagon masu sayar da hotunan yana hawa na biyu, bayan layin masu labule da fitilu. Hotuna a jere a bango suna sheƙi kamar an jiƙa su, babu firam, babu gilashi. Mai shagon siriri ne, da farar safar hannu, yana tafiya a hankali kamar kada ya tashi marar lafiya.

"Wane iri maigida yake so? Mai natsuwa ko mai hayaniya?"

Na ce, "Mai faɗi."

Ya dube ni.

"Taku biyar a tsaye, taku huɗu a kwance. Kuma kada a ga abin da ke bayansa."

Ya yi mini bayani, wanda ban tambaya ba. Ainihin zanen, in ji shi, yana rataye a wani gidan tarihi can ƙetaren teku, masu gadi biyu na tsaye a kansa. Wannan kwafinsa ne, an buga shi a bayan faranti na akirilik, wata roba ce mai kauri da take garau kamar gilashi amma ba ta da nauyinsa, sannan an shafe bayan da farin fenti. Ya nuna mini guda uku masu girman da nake so. Na zaɓi wanda ya fi duhu: wani shuɗi mai faɗi ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, baƙaƙen layuka a tsaitsaye kamar an yi fushi ana zana su, da ɗigon ja guda ɗaya a gefe.

Ya ce, "Kana da ido. Mai zanen yana magana ne a kan kaɗaici."

Na ce na lura da haka.

"Gobe zan zo in kafa maka. Ni nake kafawa da hannuna, ba na aika kowa."

Na ce a'a, ni zan kafa. Ya ce kyauta ne. Na ce ko da kyauta. Ya dubi hannuwana, sannan ya zazzage wata 'yar leda a kan tebur: noti huɗu masu farin kai, gajerun bututun ƙarfe huɗu, da zobban roba takwas.

"To saurara da kyau. Bututun nan yana shiga tsakanin hoto da bango, ya ba shi tazarar yatsa biyu. Roba ɗaya gaba, ɗaya baya. Ka ga ramukan sun ɗan fi notin faɗi? Da gangan ne. Akirilik yana numfashi, da zafi ya buɗe, da sanyi ya tsuke. Ka murɗa noti har ya kama, sannan ka mayar da shi baya rabin juyi. Rabin juyi, maigida. Duk wanda ya dawo mini da fasasshe, a nan ya saɓa."

Na zaɓi ranar Laraba, matata tana wurin aiki, mahaifiyata kuma tana barcin hantsi. Na ari injin huda bango, na huda ramuka huɗu, biyu a hagun tsagar, biyu a damanta. Na kafa komai yadda aka ce. Na ja da baya na duba: ya yi kyau. Sai na zagaya ta gefe, ta inda mai fitowa daga kicin zai biyo, na ga tazarar yatsa biyun nan tana nuna tsagar a fili, kamar an buɗe mata taga.

Na kwance. Na zubar da bututun da robobin a aljihu, na manna hoton a jikin bango, na murɗa noti huɗun har jijiyar wuyana ta tashi. Rabin juyin da aka ce in mayar baya, gaba na ƙara shi. Sai da na gama na tuna ban goge rubutun fensir ba. Na ɗauko sukudireba zan sake kwancewa, na ji ana buɗe ƙofar gida. Na ce ba komai, wa zai gani.

Matata ta tsaya gabansa ta karkata kai.

"Mene ne wannan?"

"Zanen zamani."

"Wa ya zubar?"

"Yana magana ne a kan kaɗaici."

"To Allah ya ba shi abokin hira," ta wuce kicin.

Mahaifiyata, Inna, tana zaune da mu tun da gwiwa ta hana ta hawa matakala a gidan ƙanena. Ta haura tamanin. Idonta taku uku ne iyakarsa, ni na auna, ni na yanka mata tabarau. Ranar farko da ta ga hoton ta ce kaji ne suka yi dambe a cikin fenti. Rana ta uku na dawo daga shago na tarar an ja kujerarta daga bakin ƙofa an kawo ta gindin hoton, ta zauna a kaikaice, kafaɗarta kusan tana taɓa bango.

Na ce, "Inna, nan ba iska. Bari in mayar da ke."

"Bar ni. Kogi ne."

"Wane kogi?"

Ta ɗaga sandarta ta bi shuɗin. Kogin bayan gidan kakanta ne, inda suke wanki suna yara. Baƙaƙen layukan ciyayin bakin ruwa ne. Jan ɗigon kuwa kwanon da ruwa ya ƙwace mata ne, wanda ta sha duka a kansa shekara saba'in da wani abu da suka wuce. "Ga shi nan bai nutse ba," ta ce, tana dariya ba haƙora. Daga ranar nan wurin zamanta ke nan, daga hantsi zuwa faɗuwar rana. A duk gidan ita kaɗai ce take kallon hoton. Ni bangon nake kallo.

A mako na uku ta kira ni ina shirin fita.

"Kai, zo. Kogin nan ya yi reshe."

Na matso. Daga notin sama na hannun dama wani farin layi ya fito, tsawon ɗan yatsa, ya nufi shuɗin. Na sa farce, farcen ya kama. Ba a zanen yake ba, a jikin farantin yake.

Na ce, "Da ma yana nan, Inna."

"Ba ya nan."

"Idonki ne. Tabaran nan ya tsufa, zan yanka miki sabo."

Ta dube ni ta saman gilashin. Kuma na yanka mata ɗin. Na zauna a shago na goge sabon gilashi, na zaɓi firam mai ruwan zinariya, na kawo mata a cikin akwatinsa. Idan zan yi ƙarya ba na yin ta rabi.

Kwana biyu bayan haka ta ce, "Yana magana kuma."

"Wa?"

"Kogin. Ƙas. Sai ya yi shiru, sai ƙas. In ana jan ruwa sama ya fi yi."

Injin jan ruwa yana cika tanki, tanki yana ƙara nauyi, bango yana buɗewa, ni kuma na ɗaure faranti ɗaya a gefe biyu na bangon na hana shi motsi. Ko ni da ban gina gada ba na gane wannan.

Daga ranar na karɓi aikin injin ruwa. Ni nake kunnawa, ni nake kashewa, ba na barin tanki ya wuce rabi. Na ce injin yana zafi, sai an lallaɓa shi. Matata ta ce shekara ashirin da huɗu ba ta san na san inda makunnin yake ba. Reshen kogin ya tsaya a tsawon tafin hannu. Na ce wa kaina na shawo kan lamarin, saura in samu ranar da zan yi magana. Ranar ba ta samu ba, kullum da abin da ya hana.

Sai ruwa ya ɗauke kwana uku a unguwar, tanki ya bushe ƙaf. Ranar Asabar da azahar ya dawo. A ranar kuma, a wannan sa'ar, yayan matata ya yi sallama. Shekara guda ya yi wajen ɗansa a wani gari, bai taɓa ganin sabon falon ba.

Ya shigo ya durƙusa ya gaida Inna, ya ba ni hannu, ya zauna. Matata ta kawo shayi. Muna cikin tambayar hanya na ji ƙugin injin ya tashi a bayan gida.

Na miƙe. "Bari in duba injin nan."

Matata ta ce, "Zauna. Yaya ya zo ka bar shi ka tafi wajen inji? Na kunna. Yau sai tankin nan ya cika ya tumbatsa, wanki ya kai rufi."

"Yana zafi fa."

"In ya ƙone na ɗauka. Zauna."

Na zauna. Tankin yana cika cikin minti arba'in. Rabi, minti ashirin. Akwai agogo a bangon da ke fuskantata, ban taɓa jin ƙararsa ba sai ranar.

Yaya yana kurɓar shayi yana bin falon da ido. Ba irin kallon baƙi ba, masu duban kujeru da labule. Shi sama yake kallo, daga wannan kusurwa zuwa waccan, leɓensa na motsi.

"Mai Tabarau, ka buɗe wuri. A nan bangon yake da, ko?"

"A nan."

"An sa ƙarfe a sama ya ɗauki nauyin?"

Kafin in buɗe baki matata ta ce, "Magini ya duba, Yaya. Ya ce ba matsala."

"Wane maginin?"

"Wanda ya yi mana katanga."

"Wancan ya san aiki," in ji Yaya. "In shi ya ce, to." Ya dube ni daƙiƙa biyu fiye da yadda ya kamata, sannan ya mayar da kai kan kofinsa.

Minti goma sha ɗaya.

Inna ta buga sandarta a ƙasa. "Injiniya, zo ka ga kogina."

Ya tashi, ya ciro tabaransa daga aljihu, wanda ni na yanka masa, ya sa. Inna ta nuna masa ciyayi, ta nuna masa kwano, ta ba shi labarin dukan. Ya yi dariya, ya ce lallai ruwan nan ba shi da amana. Sai ta kai sandar sama.

"Wannan kuma reshe ne. Sabo ne. Wancan ya ce idona ne."

Ƙas.

Kowa ya ji. Matata ta ɗago daga tiren shayi. Farin layin, wanda ya yi mako biyu a tsaye, ya ƙara tsawon yatsa a gaban idonmu, ya shiga cikin shuɗin.

Inna ta ce, "Kun ji ko?"

Yaya ya matsa kusa, ya shafa kan notin, ya yi ƙoƙarin murɗa shi da yatsu, ya ƙi.

"Wa ya kafa wannan?"

"Ni ne, Yaya."

"Ina robar? Ba a ba ka roba ba?"

"An ba ni."

Ya girgiza kai, yana murmushin nan nasa na shekara ashirin da huɗu. "Ka shaƙe shi. Wannan abin da zafi buɗewa yake, ka hana shi wuri, dole ya tsage. Allah ya shirye ka, Mai Tabarau. Kai dai ka tsaya wajen ido." Ya juya ga ƙanwarsa. "Ba komai ba ne, mijinki ne ya gwada ƙarfi. A sassauta notin gobe."

Ya koma kujerarsa ya ɗauki kofi.

Ban taɓa jin daɗin raini irin na ranar ba. Injiniya da kansa, da bakinsa, ya ba ni mafita. Abin da ya rage kawai in yi dariya, in ce ai kun san ni, in bari a yi mini tsiya minti biyar, in sulale in kashe injin. Na ma fara dariyar. Matata ta ce ta faɗa mini tun farko a kira mai shagon. Ba ta faɗa ba, amma na ce haka ne.

Minti goma sha tara.

Sai na dubi Inna. Ta jingina da kujera, baƙin mayafinta a kafaɗa, tana kallon koginta. A kan mayafin, wajen kafaɗar da ke kusa da bango, akwai wani abu fari-fari kamar an barbaɗa gishiri. Ina kallo wani ya ƙaru. Siririn zare na yashi yana zubowa daga ƙarƙashin hoton, ba ƙara, ba gaggawa, yana sauka a kan mahaifiyata. Yaya yana ba ta baya. Matata tana zuba shayi. Inna kuwa taku uku ne iyakarta, kuma ba nan take kallo ba. Ni kaɗai na gani. Na ce muku ina gani sarai.

Minti ashirin da ɗaya. Injin yana ƙugi.

Ƙas.

Na ce, "A kashe injin."

Ba wanda ya motsa, don a hankali na faɗa.

"Maman Auta, kashe injin nan! Yanzu!"

Ban san lokacin da na tsallake tebur ba. Na sunkuya na ɗauki Inna da kujerarta gaba ɗaya, ni da likita ya hana ɗaukar bokiti, na yi waje da ita tana dukan kafaɗata da sanda tana cewa in sauke ta, ba buhu ba ce. Na dire ta a tsakar gida ƙarƙashin bishiya. Injin ya yi shiru. Da na juyo su biyun suna tsaye a bakin ƙofa.

Na ce, "Yaya, ba zafi ba ne. Akwai tsaga a bayan hoton. Magini bai ce ba matsala ba. Cewa ya yi a bar ginshiƙi, ni na hana."

Fuskar Yaya ta canza. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya ce wa ƙanwarsa, "Buɗe duk famfon gidan nan, kicin, bayi, na waje, a zubar da ruwan." Ya ce mini, "Sukudireba." Ya hana kowa shiga sai da ƙarar ruwa ta ragu a bututu. Sannan muka shiga mu biyu, matata ta biyo mu duk da ya ce ta tsaya.

Na riƙe ƙasan hoton, ya ɗora sukudireba a notin sama na dama. Juyi ɗaya ya yi. Farantin ya yi wata ƙara kamar an karya busasshen katako, ya rabu biyu daga sama har ƙasa, kogin ya tsinke a tsakiya. Muka sauke ɓangarorin muka jingina su.

Tsagar da na rufe tana milimita uku, yanzu ɗan yatsan Yaya ya shiga cikinta har gaɓa ta farko.

Na ce, "Wallahi ban san ta kai haka ba. Da na san tana ƙaruwa…"

Sai na ga inda matata take kallo. A gefen tsagar, layi takwas a jere, da fensir, da kyakkyawan rubutun nan da kowa ya sani.

Ta ce, "Ban ɗauko tabarau ba. Karanta mini."

"Maman Auta…"

"Daga sama."

Na karanta. Kwanan wata, milimita ɗaya. Kwanan wata, ɗaya da rabi. Yaya ya juya baya yana duban rufi, ya ba ni wannan sutura, na kuma gode masa har yau. Na kai na bakwai na tsaya.

Ta ce, "Layin ƙasa."

Na karanta layin ƙasa. Milimita uku, kwana huɗu kafin in je shagon hotuna.

Ta ce, "Mako biyar Inna tana zaune a nan." Ta fita ta je ta haɗa wa Inna kaya.

Kafin yamma Yaya ya sa an kawo ƙarafan tokare huɗu an kafa a tsakiyar falon. Matata da Inna suka yi kwana goma sha shida a gidansa. Ni na zauna da magini. Bai ce mini komai ba a kan maganarmu ta bara, ko kalma ɗaya. Fito kawai yake yi yana ɗaure rodi, kuma ban taɓa jin fito mai cin rai irin nasa ba.

Ginshiƙin yana nan yanzu, ya fi wanda aka ce in bari tun farko kauri. Daga kujerata rabin talabijin nake gani. Matata tana gaishe ni, tana ba ni abinci, muna hira. Amma duk abin da na ce an ce, ko mai gyaran wuta, ko likita, ko makarantar Auta, sai ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni lambarsa." Ta kira a gabana. Ban san ranar da za ta daina ba, ban kuma ga fuskar tambaya ba.

Inna ta ce a ba ta rabin hoton da ke da kwano. Na koma shagon na yi bayani iya wanda zan iya. Mai shagon ya zo da farar safarsa, ya goge bakin da ya fashe don kada ya yanki mutum, ya huda sababbin ramuka, ya kafa shi a ɗakinta kusa da gado: bututu, roba gaba, roba baya. Da ya zo kan noti na ƙarshe ya kira ni in tsaya kusa. Ya murɗa har ya kama, ya dube ni, ya mayar baya rabin juyi.

Bayan ya tafi Inna ta ce in buɗe durowar gefen gado. Akwatin sabon tabaran yana ciki, mai ruwan zinariya, ko takardar jikinsa ba a cire ba.

Ta ce, "Ɗauki abinka. Ka ba wanda ba ya gani."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri."

Ta gyara tsohon a kan hancinta, wanda aka ɗaure hannunsa ɗaya da zare, ta juya ga koginta.

"Matsa," ta ce. "Ka tare mini haske."